Na gwada sabuwar filta a dinar mutane, yanzu uwar amarya ta ce hotunan hazo ne

Sabon_Hannu_Gwale:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina cikin wani hali, shawara nake nema kafin gobe da yamma. Shekarata uku ina ɗaukar biki da kyamara Canon 6D da lensi 50mm f/1.8, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki. Watan jiya na tattara 'yan kuɗaɗena na sayi 85mm f/1.8 na hannu, mai kayan ya ɗora min wata filta gyara, irin mai sa hoto laushi ɗin nan, an rubuta 1/2 a bakinta. Ya ce ita ce sirrin masu ɗaukar manyan bukukuwa. Ranar Asabar na yi dina a wani hol, tun daga shigowar amarya har yanka kek filtar na bakin lensin. A bayan kyamara hotunan sun yi min kyau sosai. Da na zuba su a kwamfuta sai na ga kowace fitila ta naɗa rawani, duwatsun leshin amarya sun narke sun yi fari fat, fuska kuwa kamar ta bayan gilashin da aka shafa wa mai. Na tura guda goma, uwar amarya ta kira ni ta ce, "Yaro, ashe a hunturu muka yi bikin nan ban sani ba?" Rabin kuɗina yana hannunsu. Ana iya cire hazon nan a editin? Kuma laifin filtar ne ko na lensin?

Baba_Nagatif:
Wa alaikumus salam. Yaro, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi kaya, ba ka gwada a kan ƙanenka ko akuyar gidanku ba, sai a kan 'yar mutane a daren da ba ya dawowa? Allah ya kyauta. Bari masu kwamfuta su zo su ba ka magani, ni faɗan kawai na iya.

Oga_Kyamara_KD:
Lensin ba shi da laifi. Wannan 85 ɗin na Canon a 1992 aka fara yin sa, kuma har yau yana cikin masu kaifi a kuɗinsa. Filtar ce. Irin waɗannan, ko ta kamfanin Tiffen da ake kira Black Pro-Mist ko kwaikwayonta, ɗigo-ɗigo ne ƙanana a jikin gilashin, aikinsu su watsa haske. Duk inda haske ya yi ƙarfi sai ya zubo kan duhun da ke kusa da shi. Ƙarfinsu hawa-hawa ne: 1/8, 1/4, 1/2, 1. Yawancin masu ɗaukar fuska a 1/8 suke tsayawa, mai ƙarfin hali ya je 1/4. Kai ka fara da 1/2, a kan dogon lensi, wanda tasirin filtar ya fi fitowa a kansa, ka buɗe shi kusan duka, a hol mai fitilu ta ko'ina, ga amarya sanye da duwatsu. Duk abin da filtar ke nema ka haɗa mata a faranti ɗaya.

Batun cirewa: ba ya fita duka, don hazon ya riga ya shiga hoton tun a sensa, wato ɓangaren kyamara mai karɓar haske. Amma in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka rage. A manhajar editin ta Lightroom ka ja Dehaze mai rage hazo kaɗan, ka danne baƙi ya zauna, ka sauke wuraren da haske ya yi yawa. Kada ka ja wa fuska, ka shafa a kaya da bango kawai, in ba haka ba kwalliyar za ta yi dabbare-dabbare.

Sabon_Hannu_Gwale:
Oga, RAW ne alhamdu lillahi. Wallahi har na ji sanyi a raina. Amma me ya sa a bayan kyamara ban gani ba?

Oga_Kyamara_KD:
Allon inci uku ne, komai kyau yake yi a kansa. Ka koyi danna maɓallin zuƙowa ka duba idon amarya bayan kowane hoto biyar ko goma.

Editan_Dare:
Turo min guda biyar ta bayan fage in taɓa maka. Amma in faɗa maka gaskiya tun yanzu, inda leshi ya ƙone ya zama fari babu zare, babu abin da zai dawo da shi. Waɗannan mayar da su baƙi-da-fari ya fi rufin asiri. Haske mai rawani yana kyau a baƙi-da-fari, sai a ce da gangan ka yi.

Ummin_Hoto:
Editan_Dare, ka taɓa kai wa uwar amarya hoto baƙi-da-fari kuwa? Matar da ta yi wata uku tana yawo Kantin Kwari tana zaɓar kalar anko, ka miƙa mata hoto babu kala? Sai ta ce tawadar ce ta ƙare maka. Guda biyu ko uku a cikin albam ba laifi, amma ba na shigowar amarya ba.

Ni abin da nake so in ce wa ƙanena mai tambaya, matsalarka ba filta kaɗai ba ce, ka riƙe lensi ɗaya dare guda. 85 na hoton mutum ɗaya ne ko biyu. Da aka zo liƙi, mutum talatin sun yi wa amarya zobe, da me ka ɗauka? Ni a ɗakin amarya ma ba na fito da shi. Ɗakunanmu ka san su, gado ya cinye rabi, ƙawaye takwas sun cinye sauran, ga akwatuna. Ina za ka ja da baya? 35mm mai ɗaukar faɗi nake sawa tun daga sa lalle har kai amarya. Kuma 85 ɗin nan ba ya kama abin da ya matso ƙasa da santimita 85, to zanen lalle fa? 50 ɗinka na da, in wanda aka rubuta wa STM a jiki ne, yana matsawa har santimita 35, ya fi shi amfani a kan hannu da zobe da sarƙa.

Baba_Nagatif:
Hajiya Ummi ta faɗi gaskiya. Mu da muka yi aiki da fim, lensi ɗaya ne a jikin Yashica, 50, kuma hoto 36 ne a nadi. Kafin ka danna sai ka yi tunani sau uku, don kowane danni kuɗi ne, ba kuma za ka ga abin da ka yi ba sai an wanko. Laushin nan da kuke saye da tsada mu ma mun yi shi. Safar mata mai shara-shara muke ja a bakin gilashi mu ɗaure da roba, ko mu shafa man basilin siriri a gefen filta mara amfani, mu bar tsakiya. Amma a situdiyo, mutum ɗaya a zaune, kuma sai na ɗauki ɗaya da shi ɗaya babu. Wanda mutumin ya zaɓa shi ne nasa.

Akwai kuma wata mai mayar da fitila tauraro, ta yi tashe sosai a lokacinmu. Duk wanda ya yi aure wajen shekarun 1990 ya duba albam ɗinsa zai gan ta.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Ni ba mai hoto ba ne, aurena saura wata biyu shi ya sa na shigo nan ina leƙe. Tambayata, wannan abin da baya yake narkewa mutum ya fito shi kaɗai, shi ne filtar? Don amaryata ta ce irinsa take so.

Oga_Kyamara_KD:
A'a ango, wannan aikin lensi ne. In aka buɗe shi sosai, wato lambar f ta yi ƙasa kamar 1.8, abin da ke fitowa tangaran kaɗan ne, gaba da baya duk su yi dishi-dishi. Amma yana da haɗari. Da 85 a f/1.8 a kan babbar sensa, in mutum yana nisan mita biyu, kaurin wurin da ke da kaifi bai wuce santimita shida ba. Ka tsaya kai a ɗan bayan amarya, ita ta fito kai ka narke. Shi ya sa in mutum biyu ne nake rufewa zuwa f/2.8 ko f/4, in layin dangi ne f/5.6 zuwa f/8.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
To ai ni na biya kuɗin, a ce kuma ni zan narke? Allah ya sawwaƙe.

Kwalliya_Sai_Mu:
Bari in sa baki tunda kullum mu ake ɗora wa laifi. Duk amaryar da ta fito fari kamar an tsoma ta a gari sai a ce mai kwalliya ce. Wani lokacin mu ne, na yarda, akwai hodar da in filasha ta doke ta kai tsaye sai ƙasan ido ya yi fari tas, ko da a ido ba a gani. Ni yanzu kafin amarya ta tashi daga kujerata sai na kashe fitila na ɗauke ta da filashar waya na gani. Amma ku ma masu hoto ku ji tsoron Allah. In yi awa biyu ina daidaita kalar fuska da wuya, ku je ku goge fatar a kwamfuta ta koma kamar roba, hanci ya ɓace, ku ƙara mata fari har mijin ya kasa gane ta. Wata amaryata baƙa ce kyakkyawa, irin baƙin nan mai sheƙi, da aka kawo firam kakarta ta ce wace ce wannan.

Editan_Dare:
Anti, mu ma ba son ranmu ba ne. Ka bar mace da kalarta ta dawo maka da hoto ta ce ka baƙanta ta. Sau nawa aka ce min "ɗan ƙara min haske"? In ka ƙi, gobe ta tafi wurin wanda zai yi. Abinci muke nema.

Ummin_Hoto:
"Ƙara min haske" kashi biyu ne. Akwai wadda fari take so, wannan sai addu'a. Amma da yawa gaskiya suke faɗa, hoton ne ya yi duhu, don mai ɗaukar bai ba fuskar haske ba. Kyamara tana auna haske ne ta nemi matsakaici. Ka tsayar da ango cikin farar babbar riga, kyamara ta ga fari ya cika wuri sai ta rage, riga ta yi toka-toka, fuska ta nutse. Maganinsa a wurin ɗauka yake: ka juya mutum ya fuskanci taga ko bakin ƙofa, ka sa yaro ya riƙe maka faifan haske ta ƙasa, ko filasha a cikin lema ta gefe. Baƙar fata in ta sami haske mai faɗi mai taushi, sheƙin da take yi farar fata ba ta yin sa. Tunda na gane haka, masu ce min in ƙara musu fari sun ragu ƙwarai.

Malamin_Tarihi_Zariya:
Wannan magana tana da tsohon asali. A zamanin fim, kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, hoton Baturiya ne, da shi ake saita kalar inji. Wato ma'aunin fata mai kyau a wurin injin farar fata ce. Sai a shekarun 1990 suka fito da kati mai mata masu launi daban-daban. Amma duk da haka ku nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948. Yawanci da hasken rana ya yi aiki a tsakar gida, ya rataya zane mai ado a baya. Ku ga yadda fatar mutanensa ta fito, da zanen atamfa ɗaya bayan ɗaya. Malick Sidibé ma a Bamakon ya yi aiki, shi har babbar lambar yabo ta baje kolin Venis aka ba shi a 2007. Ba su mayar da kowa fari ba.

Baba_Nagatif:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ashe shi ya sa in muka kai wanki wani lab ɗin sai mutane su fito kamar an shafa musu shuni, sai ka tsaya a kan mai injin ka ce ya ƙara ja.

Admin_Zauren_Hoto:
Jama'a muna jin daɗin tarihin, amma yaron nan gobe zai fuskanci uwar amarya. A taimaka masa da abin da zai faɗa.

Dan_Maradi_Foto:
Salamu alaikum. Ni shawarata ka tai da ƙahwarka, kada ka yi ta waya. Ka ɗauki waɗanda sunka hi kyau guda ashirin, ka wanko biyar manya ka riƙa a hannu. Hoto a takarda ya hi kyau bisa ga na waya, kuma tsohuwa in ta riƙa abu a hannunta ranta na sanyi. Ka ce Hajiya kuskure na yi, kada ka ce salo ne. In amarya ba ta yi nisa ba, ka roƙi ta sake sa kayan dinar, kai ka biya mai kwalliya, ka ɗauke su ita da ango da la'asar. Ni na taɓa yin haka da katin ajiyar hoto na kyamarata ya lalace, wanga gida har yau ni ka yi musu suna da biki.

Kuma batun kati, 6D rami guda gare ta. Ranar da katin ya mutu hazo ma ba ka samu. In Allah ya hore ka nemi mai rami biyu, 5D Mark III ko D750 ta Nikon ko A7 III.

Sabon_Hannu_Gwale:
Na gode Yaya. Amaryar tana nan cikin gari, Hotoro aka kai ta. Zan gwada. Kuɗin mai kwalliyar ne zai ci ribar duka, amma ba komai.

Kwalliya_Sai_Mu:
In a Kano ne ka yi min magana, zan yi maka ragi. Duk muna yin kuskure.

Sarkin_Filasha:
Ni fa ban yarda filtar ce kaɗai ba. Ka ce fitilu ta ko'ina. Ka yi amfani da filasha ko hasken hol ka dogara da shi? Don holunan yanzu masu ado sun cika su da shuɗi da shunayya da hayaƙin nan da ake busawa in amarya za ta shigo. Hayaƙin kansa hazo ne, ko babu filta. In ka dogara da fitilar DJ, fuska za ta yi kalar da babu editan da zai gyara. Ni filashar Godox biyu nake kafawa a kusurwa, ɗaya a hannun yaro cikin lema yana bin amarya. Filasha tana kusa da kalar hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin kalar haske, sai in saita kyamara a nan, fata ta fito daidai, fitilun ado su yi abinsu a baya.

Wani abin kuma, wutarmu 50Hz ce, fitilun LED masu araha suna ƙyaftawa ido ba ya gani. Ka sa gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, a 1/500 sai ka ga hoto ɗaya haske ɗaya duhu, ko layi-layi in kyamara mara madubi ce kana ɗauka shiru. Ka zauna a 1/100 ko 1/50 in babu filasha. In janareta ne ma wani lokacin sai ka lalubo da hannu.

Sabon_Hannu_Gwale:
Filasha ɗaya ce a saman kyamara, ina harba ta silin. Kuma ƙwarai an busa hayaƙi, har sau biyu. Ga 'yan mata duk sun kunna fitilar waya suna bidiyo.

Sarkin_Filasha:
To ka gani. Hayaƙi, fitilar waya tana kallon lensinka, filta 1/2. Ai ka gode wa Allah da aka ga amaryar ma.

Oga_Kyamara_KD:
Na karɓi gyara, hayaƙin ya taimaka. Amma rawanin da ya ce kowace fitila ta yi, wannan sa hannun filtar ne. Kuma ina zargin ba ta asali ba ce. Filtar da ake ba ka gyara, gilashinta ba shi da rufin da ke hana haske yawo, sai ya riƙa dawowa tsakaninta da lensi, ka ga koren ɗigo a gefen hoto. Araha ba ta ado.

Bakin_Ganga_Sakkwato:
Ku kuna ta zancen dare, mu matsalarmu rana ta. Ɗaurin aure ƙarhe sha ɗaya ko bayan Juma'a, a ƙohwar masallaci, rana tsaka, kowa da hwarar shadda. Wace filta ka taimako a nan? An ce in sayi ND, wani ya ce CPL.

Oga_Kyamara_KD:
Aikinsu daban. ND tabarau ce kawai, tana rage haske ba ta taɓa komai. Ga lissafin: a tsakar rana, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, in kana son f/2 sai shata ta kai wajen 1/6400. 6D a 1/4000 ta tsaya, hoto ya ƙone ke nan. ND8 tana rage mataki uku, ka dawo 1/800. In kuma filasha za ka haɗa don ka kashe inuwar hula a fuska, 6D ba ta wuce 1/180 da filasha sai da HSS, tsarin da ke sa filasha ta bi shata mai sauri, wanda ke cin ƙarfin filashar, to nan ND64 ce, mataki shida. Mai juyawar nan da ake ƙarawa a rage tana da daɗi, amma in ka kai ta ƙarshe a lensi mai faɗi sai ta zana maka baƙin gicciye a tsakiyar hoto.

Amma gaskiya a ɗaurin aure wa ke neman f/2? Taro ne, rufe lensi ka yi f/8, ba ka bukatar komai. Ka ja ango inuwar bango in an shafa fatiha.

Ummin_Hoto:
CPL kuwa ku yi hankali da ita a kan shadda. Aikinta kashe ƙyalli. Na taɓa sa ta a hoton wani ango da abokansa a waje, sama ta yi shuɗi mai kyau, ganye ya yi kore shar, ina ta murna. Ango ya ga hoto ya ce ina sheƙin geznarsa? Mutum ya sayi yadi mai tsada, an kai mabuga an buge shi yana ɗaukar ido, na mayar masa da shi kamar ya sha wanki goma. Haka take yi wa fata ma, ta ɗauke sheƙin goshi da kumatu, fuska ta yi fayau babu rai. Inda take da rana shi ne amarya a cikin mota, in kana son ganin ta ta gilashi, ko dattijo mai tabarau. Kuma tana cin haske kusan mataki biyu, kada a manta da ita a shiga ɗaki.

Bakin_Ganga_Sakkwato:
Hajiya kin cece ni, da CPL ɗin za ni saye. Mutanenmu da shadda, ai sai su kore ni gari.

Jos_Ta_Sanyi:
Ni filta ɗaya na yarda da ita, UV mai kama da gilashi zalla, kuma ba don hoto ba, don kariya. A filin hawan angwanci dawakai suna tayar da ƙura, yara suna taɓa bakin lensi da hannun alawa, mata suna fesa turare. Gara filta ta sha. Mu nan damina ma fumfuna ke shiga cikin lensi in ka ajiye a jaka, sai ka ga kamar yanar gizo a ciki. Mai tambaya, tunda na hannu ka saya, ka cire lensin ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa. Lensi mai fumfuna ko hazo a ciki shi ma yana yin abin da ka faɗa, ko babu filta.

Sarkin_Filasha:
UV da dare cire ta ake yi. Duk gilashin da ka ƙara a gaban fitilu sai ya ba ka inuwar haske. Murfin bakin nan mai kamar kofi ya fi ta kariya.

Jos_Ta_Sanyi:
Kofin yana tare ƙura ne? Ka zo Durbar da shi ka gani.

Sarkin_Filasha:
Na ce da dare, a hol. Karanta da kyau malam.

Sabon_Hannu_Gwale:
Na haska kamar yadda Jos_Ta_Sanyi ya ce. 'Yar ƙura ce kawai, babu yana. Na kuma ɗauki ƙanwata yanzu a tsakar gida, ɗaya da filta ɗaya babu, kwan fitila a bayanta. Wanda babu filta har gashin girarta ana ƙirgawa. Mai filtar kuwa ga rawanin nan, ga koren ɗigon da Oga ya faɗa. Ita kuma ja'irar ta ce mai filtar ya fi kyau, wai ya ɓoye mata ƙuraje.

Baba_Nagatif:
To da ka yi wannan ranar Juma'a, da yanzu kana barcinka.

Dan_Gwanjo_Lens:
Ni kada a sa yaro ya tsani gwaji. Wanda ba ya gwaji hotonsa na bana irin na bara ne. Ina da wani tsohon lensin Rasha, Helios 44-2, 58mm f/2, na zamanin Tarayyar Sobiyat, da adafta nake ɗaura shi a Sony. Babu fokos na kansa, da hannu ake murzawa. In ka sa mutum a gaban bishiya rana na ratsowa, bayan sai ya riƙa juyawa kamar guguwa. Amare suna haukar son sa. Amma ƙa'idata, sai na gama duk hotunan dole da lensin da na sani: iyaye, waliyyai, shigowa, kek. Sannan in ce amarya ba ni minti biyar in yi wasa. In ya yi kyau kyauta ce, in ya ɓaci ba wanda ya san an yi.

Ummin_Hoto:
Minti biyar a wurin amarya? Kai dai maza kuna jin daɗi. Ranar kamu ko numfashi ba ta samu, gwaggo na ja nan, ƙawaye na ja can. Ni gwajina ranar hoton kafin biki nake yi, inda iyaye suka yarda a yi shi ke nan, don gidaje da yawa ba sa so, kuma ina ganin girman hakan. In ba a yi, sai in gwada a kan yaran gidanmu ranar Sallah, kowa ya ci ado kyauta.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Yanzu ni me zan tambayi mai hoton da zan ɗauka? Kun rikita ni da lambobi.

Editan_Dare:
Ka ce ya nuna maka biki guda cikakke daga farko har ƙarshe, ba goma da ya zaɓa ya sa a Instagram ba. Ka duba na dare, ka duba ko baƙaƙen mutane sun fito da kalarsu. Ku rubuta hoto nawa, albam ko babu, da ranar karɓa.

Dan_Maradi_Foto:
Kuma ka biya shi cikon kuɗinai in ya kawo aiki, ango. Mu ma muna da iyali.

Sabon_Hannu_Gwale:
Na dawo daga gidan. Editan_Dare ya gyara min goma sha biyu cikin dare, Allah ya saka masa, na wanko biyar kamar yadda Yayana na Maraɗi ya ce. Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce waɗannan da dama-dama, amma na shigowa har yanzu "kamar an yi turaren wuta". Na ce kuskurena ne. Ta yi min faɗa sosai, sannan ta sa aka kawo min abinci. An yarda ranar Lahadi da la'asar mu sake na amarya da ango a gidansu. Cikon kuɗi ta ce sai ta ga na Lahadin. Abin mamaki, amaryar ta turo saƙo wai kada in goge masu hazon, guda uku ta riga ta sa a sitatus.

Sarkin_Filasha:
Ka gani ko? Uwa na faɗa 'ya na so. Ni na rasa wa za a bi a sana'ar nan.

Kwalliya_Sai_Mu:
Wadda ta biya.

Dan_Gwanjo_Lens:
Ranar Lahadi ka tafi da filtar a aljihu. In ka gama na Hajiya tsaf, ka ɗaura ka yi wa amarya biyar rana na bayanta.

Baba_Nagatif:
Kada ka kuskura. Ka bar ta a gida, a ƙarƙashin katifa.

Oga_Kyamara_KD:
In za ka yi, nemi 1/8 ta asali, 58mm ce bakin lensin naka. Waccan kuwa ka ba ƙanwarka.

Bakin_Ganga_Sakkwato:
In ba ka so ka aiko man ita ta mota in gwada, bakin nawa lensin ma 58 na. Nawa za ka sallama?